Kalmar "chuffed" da rahoton da muka ɓata da hannunmu

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu sukuni.

Kwana biyun nan ina ta ganin cacar baki a kan yadda yaran yanzu suke magana. Wannan ya ce sun kashe Hausa, wancan ya ce Turancin ma sun kashe shi, wani kuma ya ce ai duk kalmar da ba ta cikin littafin makaranta shirme ce. Ni ma da haka nake cewa, har da ɗaga murya. Abin da ya sa na rage zafi wata kalma ce guda ɗaya ta Turancin Ingila, wadda ta taɓa kunyata ni a ofis, ta kuma kunyata ni a gaban ɗana. Bari in ba ku labarin, sannan in faɗi abin da na gano game da tarihinta, don a cikin tarihin ne maganar take.

Shekaru kaɗan da suka wuce an haɗa sashenmu da wata Baturiya 'yar Ingila, ƙwararriya kan bin diddigin kasafin kuɗi, wadda wata ƙungiyar ba da tallafi ta turo. Ni aka ɗora wa rubuta rahoton farko. Na yi kusan sati 3 a kansa, na tura mata ranar Laraba. Ranar Alhamis da yamma sai ga amsa ta imel, layi biyu kacal. Ta ce ta karanta, kuma ita "really chuffed" ce da abin da ta gani, za mu yi magana ranar Litinin.

Na karanta, na sake karantawa. Ni dai na yi digiri da Turanci, na shekara fiye da 15 ina rubuta takardun gwamnati, amma ban taɓa cin karo da wannan kalma ba. Kuma wallahi sautinta bai yi min kama da alheri ba. Ta yi kama da "huffed", ta yi kama da "miffed", ta yi kama da "chafed", kuma duk cikinsu babu wadda ba ɓacin rai ba.

Na ɗauki waya na nufi ofishin Darakta.

"Ranka ya daɗe, ga abin da matar nan ta rubuto."

Ya gyara tabarau, ya duba, ya yi shiru. Can ya ce, "Malam, miƙo min ƙamus ɗin can."

Wani tsohon ƙamus ne mai kauri da yake ajiye a bayan kujerarsa. Muka buɗe, sai ga kalmar da ma'ana biyu a jere: ta farko mai farin ciki, ta biyu mai ɓacin rai. Kalma ɗaya fa. Darakta ya rufe littafin ya ce, "To ka gani. Ka taɓa ganin an ce za a yi magana ranar Litinin a kan abin daɗi?"

Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san wannan tunanin. Mu da muka saba da takardar tuhuma, in aka ba mu zaɓi tsakanin yabo da faɗa, faɗan muke ɗauka, don shi ne muka fi sani. Nan take muka yanke shawarar cewa rahoton ya yi tsauri, na faɗi gaskiya da yawa kan kuɗin da aka ware ba a sake su ba. Aka ce in je in sassauta shi kafin Litinin.

Ranar Asabar da dare ina falo da kwamfuta a cinya, ina ta yanke sakin layi, sai babban ɗana, lokacin yana ɗan shekara 14, ya leƙo ta kafaɗata ya ga saƙon.

"Abba, ai murna take yi. Haka 'yan ƙwallon Ingila suke cewa in sun ci wasa ana hira da su."

Na ce masa, "Kai tashi ka ba ni wuri. Turancin gidan kallo za ka koya min?"

Ya tashi sum-sum ya fita.

Ranar Litinin matar ta buɗe sabon rahoton da na tura, ta dube ni ta ce me ya faru da jadawalin da ke shafi na 6, ai shi ne abin da ya fi burge ta. Da na yi mata bayani ta yi dariya har da riƙe baki, sannan ta ba da haƙuri. Muka dawo da tsohon rahoton. Kwana biyu na hutu sun tafi a banza, kuma saura ƙiris mu binne gaskiyar da aka ɗauke mu aiki don mu faɗa, saboda kalma ɗaya.

Tun daga ranar na sa wa kalmar nan ido. Ga abin da tarihinta ya nuna.

Ƙamus ɗin Darakta bai yi ƙarya ba. A tsohon Turanci akwai "chuff" guda biyu, kuma masana suna lissafa su daban-daban. Ta farko ta bayyana a rubuce tun ƙarni na 15, kuma zagi ce. Ana faɗa wa bagidaje mara ladabi, ana kuma faɗa wa mai kuɗi marowaci. Shakespeare ya yi amfani da ita a wasansa na Henry IV kashi na farko, wanda aka buga a 1598, inda Falstaff yake zagin matafiya masu dukiya da ita yayin da yake yi musu fashi a hanya. Samuel Johnson ya saka ta a ƙamus ɗinsa na 1755 da wannan ma'ana ta mutum mai kaushin hali. Daga wannan tushe ne aka samu sifar da ke nufin mai ɗaure fuska, mai fushi, wadda ta zauna a bakin mutanen karkara a wasu sassan Ingila.

Ta biyu ta bayyana a ƙarni na 16, ita kuma tana nufin kumburarre, mai ƙiba, mai manyan kumatu. A hankali ma'anar ta gusa daga kumburin jiki zuwa kumburin zuciya, wato mutumin da ya cika da alfahari, yana jin daɗin kansa. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 ana samunta a karin harshen arewacin Ingila da ma'anar mai jin daɗi. Ita ce kakar "chuffed" ɗin da Baturiyar nan ta rubuto min.

Ku lura da wani abu. Tsawon ɗaruruwan shekaru kalmomin nan biyu suna zaune a ƙasa ɗaya, sauti ɗaya, ma'ana kishiyar juna, kuma ba a taɓa jin an yi yaƙi a kansu ba. Mutumin wannan gari ya san abin da yake nufi, na wancan gari ma ya san nasa. Inda za a iya rikicewa, fuska da murya suna warwarewa. Mu abin da ya cuce mu shi ne a rubuce ta zo mana, babu fuska babu murya.

Kuma in ka zauna ka yi tunani, Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba. Mu ma da kumburi muke kwatanta abu biyun. In aka ce wane ya kumbura fuska, ko ya cika ya batse, fushi ake nufi. In aka ce an yabe shi kansa ya kumbura, jin daɗi da alfahari ake nufi. Jiki ɗaya ne, cikar ɗaya ce, abin da ya cika shi ne ya bambanta.

To yaya aka yi kalmar ƙauye ta zama ta kowa da kowa, har ma'anar murna ta danne ta fushi? Amsar tana bariki. Manyan ƙamusoshin Turanci suna nuna cewa "chuffed" a siffarta ta yanzu ta fito fili ne a matsayin zancen sojoji, a shekarun 1950. Wannan kuwa shi ne zamanin aikin soja na tilas a Birtaniya. Daga 1949 duk saurayi lafiyayye da ya kai shekara 18 sai ya yi wata 18 a soja, aka ƙara zuwa shekara 2 a 1950 saboda yaƙin Koriya. An daina kira a 1960, na ƙarshensu suka fita a 1963. Samari fiye da miliyan 2 suka bi ta wannan hanya. Aka kai su Jamus, Koriya, Malaya, Kenya, Saifurus.

Ka haɗa ɗan leburan ma'adinin kwal daga Yokshaya da ɗan akawu daga Landan da ɗan manomi daga yamma a ɗaki ɗaya, su kwana tare su tashi tare, su sha faɗan samanja ɗaya. Dole bakinsu ya cakuɗe. Kalmar da ɗaya ya zo da ita daga gidansu, in ta yi daɗin faɗa, kafin wata 6 ta zama ta ɗakin gaba ɗaya. In an sallame su kowa ya koma garinsu da ita. Har wasa suka yi da ita, suka ƙirƙiro "dischuffed" don wanda ransa ya ɓaci. Wannan kaɗai ya ishe ka shaida cewa a bakinsu ma'anar murna ce ta yi nasara, don in da kalmar tana nufin fushi ba sai an ƙera mata kishiya ba. Daga nan ta shiga rediyo da talabijin da jaridu, aka samu "dead chuffed" da "chuffed to bits", duk dai murna ce mai yawa. Yau ɗan Ingila ko ɗan Ostareliya in ya ce maka haka, daɗi yake ji. Ba'amurke kuwa sau da yawa shi ma tsayawa zai yi yana kallonka kamar yadda na tsaya, don kalmar ba ta yi ƙarfi a can ba.

Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Soja, kofur, saje, samanja, hafsa, kurtu, fareti, duk ta ƙofar bariki suka shigo Hausa. Ita kanta kalmar bariki, da masaukin sojoji da Turawa take nufi, yau in aka ce wane ɗan bariki ne kowa ya san ba maganar kaki ake yi ba. Babu kwamitin da ya zauna ya amince da wannan. Bakin mutane ne ya yi aikinsa.

Kuma kada wani ya ɗauka "chuffed" ce kaɗai mai irin wannan tarihi. Ɗauki 'yar uwarta "tickled". Asalinta cakulkuli ne, wannan dai da ake yi wa yaro a haƙarƙari. Tun ƙarni na 14 Turawa suke aron ta don abin da ya faranta rai ko ya ba da dariya, sannan a farkon ƙarni na 20 Amurkawa suka ƙara mata launi suka ce "tickled pink", wato daɗi ya kama mutum har fuskarsa ta yi ja. Ɗauki "amuse" ita kanta, wadda muke koya wa yara a matsayin tsaftatacciyar kalma ta nishaɗi. A da tana nufin ɗauke wa mutum hankali don a yaudare shi. "Nice" da muke yabo da ita, wajen shekara ta 1300 wawa take nufi. In da masu cewa kada a taɓa ma'anar kalma sun yi nasara, da yau duk wanda ya ce maka "nice" sai ka kai shi ƙara wurin mai unguwa.

Mu ma haka muke. Abinci ya yi mugun daɗi. Yarinya ta yi masifar kyau. Motar nan bala'i ce. Yaro ya zura ƙwallo mai kyau, sai ka ji gidan kallo ya ɗauka, "Kai, shege ne!" Mugu, masifa, bala'i, shege, duk kalmomin tsiya ne da muka juya su suka koma yabo. Ka rubuta wa Baturen da ya koyi Hausa a littafi cewa rahotonsa ya yi bala'i, ka ga in shi ma ba zai kwana yana gyara ba.

Yanzu ga tambayar da ta fi damuna. Ta yaya ni, ma'aikacin gwamnati a nan, na iya bin sawun wata kalmar ƙauyen Ingila har shekara 500 baya? Saboda wasu mutane sun ɗauki maganar talakawa da muhimmanci, sun rubuta ta da kwanan wata.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Joseph Wright. An haife shi a 1855 kusa da Bradford, cikin talauci. Yana ɗan shekara 6 yake kora jaki a wurin fasa dutse, daga baya ya shiga masaƙa. Bai iya karatu ba sai da ya kai shekara 15. Wannan yaron ne ya tara kuɗi ya tafi Jamus, ya yi digirin digirgir a Heidelberg, ya zama farfesa a Oxford. Da ya kai can bai ji kunyar bakin mahaifiyarsa ba. Ya zauna ya haɗa ƙamus na karin harsunan Ingila, mujalladi 6, tsakanin 1898 da 1905, kuma da aljihunsa ya ɗauki kasadar buga shi. A irin wannan aiki ne ake ganin kalmomi kamar "chuff", da yankin da ake faɗarsu, da ma'anar da kowane yanki ya ba su.

Na biyu shi ne James Murray, ɗan Sikotlan da ya bar makaranta yana shekara 14. A 1879 aka ba shi editan babban ƙamus ɗin Oxford. Abin da ya yi shi ne ya roƙi jama'ar gari, duk mai karatu, in ya ga kalma ya rubuta ta a 'yar takarda, da jimlar da ta fito a ciki, da sunan littafin, da shekara, ya aiko. Takardu suka yi ta zuwa, miliyoyi. Kashi na farko ya fito a 1884, Murray ya rasu a 1915 bai ga ƙarshensa ba, aka kammala a 1928. Tsarin nasu shi ne su rubuta abin da mutane suke faɗa da lokacin da suka fara faɗarsa. Ba su ɗauki kansu alƙalan da za su ce wannan ta halatta wannan ta haramta ba. Ko zancen 'yan tasha da ɓarayi sai da ya samu masu tattara shi: Francis Grose ya fitar da nasa ƙamus ɗin a 1785, Eric Partridge ya fitar da nasa a 1937.

Wannan tsarin ne ya sa a 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da okada da danfo da Kannywood, sannan a farkon 2025 aka sanar da ƙarin wasu, ciki har da japa da suya. Na tuna yadda muka yi ta murna a nan, har da masu cewa Turawa sun karrama mu. Alhali kalmomin nan su ne dai waɗanda malamin Turanci zai ja wa jan biro in yaro ya rubuta su a jarrabawa. Sai da Oxford ta buga tambari sannan muka ga darajarsu.

Ga ra'ayina, kuma na san wasu ba za su ji daɗinsa ba.

Raina zancen titi da muke yi, yawancinsa ba kishin harshe ba ne, girman kai ne na masu takardar shaida. Ni shaida ne a kaina. Yaro ɗan shekara 14 ya gaya min gaskiya, na kore shi, don kawai a gidan kallo ya samo ta, ni kuma ina da digiri. Turancin da nake taƙama da shi na fayil ne, irin wanda muka gada daga ofisoshin zamanin mulkin mallaka, mai "I am directed to" da "your obedient servant". Su masu harshen sun daɗe da wucewa, mu muna nan muna gadin kangon da suka bari. Yaron da yake sauraron hirar 'yan ƙwallo duk mako ya fi ni jin Turancin da ake yi yau a Ingila. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma gaskiya ce.

Na san abin da za a ce min. Za a ce to Malam, kana nufin a bar yara su rubuta duk abin da suka ga dama? A'a. Ko kusa. Kowace magana da muhallinta. Har gobe "chuffed" ba ta shiga takardar doka a Ingila, kuma ɗalibin da ya rubuta ta a inda ake son tsayayyen Turanci za a gyara masa. Ni ma in ƙaramin ma'aikaci ya kawo min takarda ya rubuta cewa aikin ya yi mugun kyau, zan mayar masa ya sake. Wanda ya iya harshe shi ne wanda ya san rigar da ake sawa a je ɗaurin aure da wadda ake sawa a je gona. Abin da nake ƙi shi ne a ce rigar gona ba riga ba ce. Aikin malami da uba shi ne su koya wa yaro bambance wuraren. In ka ce masa duk abin da yake faɗa da abokansa shirme ne, ba zai daina faɗa ba, kai ne dai zai daina faɗa a gabanka.

Za a kuma ce ai laifin Baturiyar ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ita da kanta ta yarda. Wanda yake aiki da mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne, ya kamata ya rubuta musu a sarari. Da ta ce "very pleased" da ba a yi haka ba. Masu harshe sukan manta cewa abin da suka tashi da shi a gida ba kowa ne ya san shi ba. Amma nata laifin kaɗan ne a kan namu. Layi ɗaya ya ishe ni: "Don Allah me kike nufi da wannan kalma?" Ban rubuta ba. Darakta ma bai ce in rubuta ba. Dalili? Kada Baturiya ta ce ba mu iya Turanci ba. Muka gwammace mu yi kwana biyu muna rusa aiki mai kyau da mu yi minti ɗaya muna tambaya. Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata, amma a ofisoshinmu tambaya ta zama abin kunya. Ku yi tunanin yarjejeniyoyi nawa, wasiƙu nawa, ake sa wa hannu a ƙasar nan alhali wani a teburin bai gane wata kalma ba kuma ya ƙi tambaya. Tamu ta zo da sauƙi, rahoto ne, kuma an dawo da shi.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi tsaya min a rai. Muna da ƙamus ɗin Bargery na 1934, muna da na Abraham, muna da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, kuma duk manyan ayyuka ne, Allah ya saka wa waɗanda suka yi su. Amma kalmomin da ake haifa yau a tashar mota, a Kantin Kwari, a bakin 'yan adaidaita, a finafinai, a gidan kallo, wa yake rubuta su da kwanan wata? Wa yake rubuta na tsofaffinmu a ƙauye, waɗanda in sun tafi sun tafi da su? Ni na tuna kalmomin da muke yayi muna sakandare waɗanda yau in na faɗa yarana dariya suke yi, wasu kuma na manta su gaba ɗaya. Nan da shekara 100 in jikan wani ya so ya san yaushe Bahaushe ya fara cewa abu "ya haɗu", ina zai duba?

Murray da 'yan takardu da akwatin gidan waya ya yi nasa. Mu kowa yana da waya a aljihu. Ba sai an jira gwamnati ba, kuma ni da nake cikinta nake gaya muku kada ku jira. Ka ji sabuwar kalma, rubuta ta, da jimlar da ka ji ta a ciki, da garin, da shekarar. Ka ji tsohuwa a bakin kakarka, rubuta ta kafin ka nemi kakar ka rasa. Lokacin da muke ɓatawa muna tsine wa bakin yara, da rabinsa muka ba wannan aiki da mun bar wa na baya abin dubawa.

Shi kuwa yaron nawa, a daren Litinin ɗin na kira shi na ce, "Zo nan. Maganarka ce ta fito daidai, ni ne ban saurare ka ba. Ka yi haƙuri." Ya sunkuyar da kai yana murmushi, bai ce komai ba. Da ya fita na ji yana gaya wa ƙannensa a tsakar gida, baki har kunne. Mahaifiyarsu ta leƙo ta ce me aka ba shi yake wannan murna haka, na ce babu komai, "chuffed" ne kawai.

Wanda yake da wata kalma, ta Hausa ko ta Turanci, da ta taɓa yi masa irin wannan, ko wadda ma'anarta ta juya a idonsa, ya kawo ta mu ji, tare da garin da shekarar in ya tuna. Allah ya sa mu dace.